Gashi a Cikin Kashin Kare: Abin da Yake Nunawa da Matakin da Ya Kamata a Ɗauka

Daga cikin tambayoyin da mafarauta da makiyaya da masu karnukan gadi kan yi wa malaman dabbobi, akwai wadda mutane da dama ke jin nauyin yin ta a bainar jama'a. Sai taro ya watse mutum ya ja malami gefe ya ce masa ya ga gashi cunkus a cikin kashin karensa, yana son ya san ko ciwo ne ko kuwa lafiya. Mun ga ya dace mu yi bayani a kan wannan al'amari dalla-dalla, domin amsarsa ba ta tsaya ga lafiyar kare kaɗai ba. Ta shafi tumaki da awaki da raƙuman da yake bi zuwa kiwo, ta kuma shafi yaran da ke wasa a ƙasar da yake tsugunawa.

Ganin 'yan silin gashi jefi-jefi a kashin karen da ke cin abincinsa, yana shan ruwa, yana kai-komo da kuzari, ba alamar cuta ba ce. Gashi an gina shi ne da wani sinadari mai tauri da ake kira keratin, wanda shi ne kuma ke cikin farce da ƙaho da kofato da gashin tsuntsu. Ruwan cikin kare yana iya narkar da nama, har ma da wani sashe na ƙashi, amma ba ya iya narkar da keratin. Saboda haka duk gashin da kare ya haɗiye zai fito kamar yadda ya shiga, galibi cikin yini ɗaya zuwa biyu. Mafarauta sun san wannan tun da daɗewa, domin da gashin da ke cikin kashin kura ko na dila suke gane irin dabbar da aka ci a dajin. Abin da ya kamata mai kare ya tambayi kansa shi ne: gashin wane ne wannan, yaya yawansa, kwana nawa yana fitowa, kuma wane hali karen yake ciki?

Gashin jikin karen kansa

Idan gashin gajere ne kuma launinsa ɗaya da na jikin karen, to nasa ne ya haɗiye wajen lasa ko cizon jikinsa. Kowane kare na zubar da gashi yana sake sabo. Ɗan kwikwiyo kan zubar da gashin ƙuruciya tsakanin wata 4 zuwa 6 da haihuwa, karya kuma kan zubar da gashi mai yawa bayan ta haihu da wata ɗaya zuwa uku, ga shi kuma tana yini tana lasar 'ya'yanta. A irin waɗannan lokuta yawan gashin ya kan ƙaru, ya kuma ragu da kansa ba tare da magani ba. Karnukan ƙasarmu, da irin dogayen karnukan nan na yankin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, gashinsu gajere ne ƙwarai, don haka da wuya ya dunƙule ya toshe musu hanji. Wannan matsala ta fi samun kyanwa, wadda harshenta ke da ƙananan ƙayoyi masu tattara gashi, da kuma karnukan waje masu dogon gashi da wasu ke sayowa domin gadi a birane.

Inda magana take shi ne idan gashin ya yawaita kullum, har kashin ya zama kamar an murɗa igiya. Wannan yana nuna cewa karen ya wuce lasa ta tsafta, ya shiga susa da haƙori saboda ƙaiƙayi. A nan ba a cikin ciki matsalar take ba, a fata take, kuma fatar ce ya kamata a duba.

Ƙuma ita ce kan gaba. Tana yawan taruwa a gadon baya kusa da gindin wutsiya da cikin cinyoyi. Ko da ba a gan ta ba, a kan ga wasu baƙaƙen ɗigo kamar garin barkono a gindin gashi. Idan aka zuba su a kan farin ƙyalle mai danshi sai su yi ja, domin busasshen jini ne da ƙumar ta kasayar. Kaska kuma ta fi son kunnuwa da wuya da tsakanin yatsu, tana kuma yawaita da damina. Sai ƙazuwa, wadda wata ƙwaya ƙarama da ido ba ya gani ke haddasawa ta hanyar haƙa rami a cikin fata. Ta kan fara daga bakin kunne da gwiwar hannu da ƙasan ciki, gashi ya zube, fata ta yi kauri ta yi ɓawo, kare ya kwana yana susa. Wannan nau'in ƙazuwa na iya kama mutumin da ke yawan taɓa karen ko kwana kusa da makwancinsa, ko da yake a jikin mutum ba ta daɗewa idan an yi wa karen magani. Haka nan makero, mai cin gashi a zagaye kamar kwabo, yana wucewa daga kare zuwa yara cikin sauƙi.

Akwai kuma batun abinci, wanda mu a ganinmu an fi yin sakaci da shi. Karen da ba ya samun komai sai ƙanzo da ragowar tuwo da ruwan wanke-wanke ba ya samun abin gina jiki da maiƙon da fata ke buƙata. Gashinsa kan bushe ya riƙa karyewa, musamman da hunturu. Irin wannan kare yunwa ce kan tura shi juji da bayan mayanka, inda zai ci abin da zai jawo wa gida wata cutar. Haka nan karen da aka ɗaure da gajeriyar sarƙa dare da rana, ba inuwa ba motsa jiki, ya kan shiga lasar ƙafa ɗaya ba ƙaƙƙautawa har wurin ya zama gyambo.

Muna jan kunnen jama'a game da wasu magunguna da aka saba yi a gida. Shafa wa kare baƙin man inji ko kananzir, ko wanke shi da fiya-fiya da magungunan feshin gona, ba magani ba ne. Waɗannan abubuwa suna ƙone fata, suna shiga jini, kuma karen zai lashe su. Sau da yawa kare kan mutu da dalalar yawu da karkarwa sa'o'i kaɗan bayan irin wannan wanka, wanda ya yi wankan da hannu tsirara shi ma ya kwana da ciwon kai da jiri. Akwai maganin ƙuma da kaska na karnuka, akwai kuma allurar aibamektin da ake yi wa ƙazuwa, amma ma'auninta ya dogara ga nauyin dabba. Ɗiban ma'aunin sa ko na rago a yi wa kare na iya makantar da shi ko ya kashe shi. Malamin dabbobi ne ya kamata ya auna. Sannan a share makwancin karen a ƙone sharar, domin ƙwai da 'ya'yan ƙuma a ƙasa suke zama ba a jikin dabba ba, kuma idan ba a yi haka ba sai su dawo cikin 'yan makonni.

Akwai wata alaƙa tsakanin ƙuma da tsutsar ciki da ya kamata a sani. Wani nau'in tsila yana rayuwa a cikin ƙuma tun tana ƙarama. Lokacin da kare ke cizon jikinsa ya haɗiye ƙuma tare da gashi, sai tsilar ta girma a hanjinsa. Shi ya sa a kan ga gashi da wasu fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa suna motsi a kan kashin ko a gefen dubura, kare kuma yana jan gindi a ƙasa. Wanda ya ba da maganin tsutsa bai kashe ƙuma ba, ya yi rabin aiki ne kawai.

Gashin wata dabba

A karkara wannan shi ne ya fi yawa, kuma shi ne ya fi buƙatar natsuwa. Gashi mai laushi launin toka ko ruwan ƙasa, haɗe da ƙananan ƙasusuwa ko haƙora ko farce, alama ce ta cewa karen ya ci ɓera ko gafiya ko kurege ko zomo. Gashi mai kauri fari ko ja ko baƙi, wani lokaci da guntun fata, na akuya ne ko tunkiya ko saniya. Ga karen farauta wanda aka ba shi kai da ƙafafun abin da aka kamo, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma idan ba mai karen ne ya ba shi ba, to kashin yana shaida masa cewa karensa na yawo yana cin abin da bai sani ba, ko dai mushe, ko sharar mayanka, ko kuma dabbar wani. Dagatai da masu unguwanni sun san yawan rigimar da ke tasowa a kan ɗan akuya ko kaji da suka ɓace, don haka wanda ya ga gashin akuya ko gashin kaza a kashin karensa gara ya ɗaure shi tun kafin magana ta kai gaban mai gari.

Gashin da kansa ba ya cutar da karen sai idan ya yi yawa ya haɗu da ƙashi. A wannan hali kashin kan fito fari busasshe mai tauri kamar alli, kare ya yi ta nishi yana kuka. Hakan ya fi faruwa a makon babbar salla, lokacin da ake zubar da ƙasusuwa da guntayen fata da sauran kai da ƙafa bayan babbaka. Dafaffen ƙashi ya fi ɗanye haɗari, domin yana tsagewa ya yi tsini. Abin da ya fi gashin muhimmanci shi ne abin da ya shiga tare da shi.

Na farko, guba. Ɓeran da ya ci maganin ɓera ya kan yi sanyi ya fito fili, sai ya zama shi ne mafi sauƙin kamu. Yawancin magungunan ɓera da ake sayarwa suna hana jini daskarewa ne, kuma alamarsu ba ta bayyana nan take sai bayan kwana 3 zuwa 5: kasala, farin dasashi, haɓo, jini a fitsari ko baƙin kashi kamar kwalta. Akwai makarinsa, wato sinadarin bitamin K1, idan an kai karen da wuri. Duk gidan da aka sa maganin ɓera, a riƙa tsince matattun ɓerayen da safe ba da hannu tsirara ba, a binne su da zurfi.

Na biyu, kuma shi ne dalilin da ya sa muka tsawaita wannan bayani, tsutsotsin da ke zagayawa tsakanin kare da dabbobin kiwo da mutane. Akwai wata tsila ƙarama ƙwarai mai suna ekinokokus, wadda tsawonta bai wuce milimita 7 ba, tana zama a hanjin kare da dubbai ba tare da karen ya nuna alamar ciwo ba. Ƙwanta na fita tare da kashi ya watsu a ciyawa da ƙasa da bakin rijiya, ya kuma maƙale a gashin karen. Idan tunkiya ko akuya ko saniya ko raƙumi ya ci ciyawar, sai ƙwan ya ƙyanƙyashe ya tafi hanta ko huhu ya zama ƙullutu mai cike da ruwa. Mahauta sun san wannan ƙullutu sarai. Abin da aka saba yi shi ne a yanke wurin a jefa wa kare, kuma da wannan jifa ɗaya ake sake kunna cutar, domin cikin mako 5 zuwa 7 karen zai fara zubar da sabon ƙwai. Binciken da aka yi a mayankun Kano da Sakkwato da Maiduguri ya sha nuna wannan ƙullutu, kuma raƙuma ne suka fi yawan ɗauke da shi.

Mutum ba ya kamuwa ta hanyar cin naman da aka dafa. Yana kamuwa ne idan ƙwan da ya fito daga kare ya shiga bakinsa, ta hannun da bai wanke ba, ko ruwan sha, ko ganyen da aka ci ɗanye. A jikin mutum ma ƙullutun hanta ko huhu yake zuwa, ya yi shekaru yana girma a ɓoye, har sai ciki ya kumbura ko tari ya ƙi jin magani. Sau da yawa sai an yi tiyata, kuma fashewar ƙullutun a cikin jiki na iya kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan ɗaya ne ke ɗauke da wannan cuta a duniya a kowane lokaci, kuma ta fi tsanani a tsakanin makiyaya, kamar na yankin Turkana a ƙasar Kenya da wasu sassan Sudan. Yaran da ke kiwo tare da karnuka, suna ci suna sha a wuri ɗaya da su, su ne suka fi kusa da haɗarin.

Akwai 'yar'uwarta da makiyaya suka fi ganin ɓarnarta da ido. Ita ƙullutunta a ƙwaƙwalwar tunkiya ko akuya yake zama, dabba ta karkatar da kai ta riƙa juyi a wuri ɗaya, ta daina bin garke, daga baya ta faɗi. Idan aka yanka ta aka jefa wa kare kan, an shuka cutar ga sauran garken ke nan. Zomo ma na ɗauke da nasa nau'in, shi ya sa karnukan farauta ba sa rabuwa da tsila.

Na uku, mushen dabbar da ta faɗi farat ɗaya. Dabbar da ta kwana lafiya aka wayi gari ta mutu, jini baƙi mara daskarewa yana fita ta hanci ko baki ko dubura, ana zargin ciwon saifa ne, irin wanda aka tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Suleja ta Jihar Neja a watan Yulin 2023. Ba a feɗe irin wannan mushe, ba a cin namansa, ba a sayar da fatarsa, ba a kuma barin karnuka su ja shi, domin suna watsa ƙwayar cutar wadda ke iya zama a ƙasa shekaru da yawa. A sanar da ofishin dabbobi nan da nan.

Gashin mutum, zare da abin da ya yi kama da gashi

Dogon gashi baƙi, ko gashin roba da mata ke ƙari da shi wajen kitso, ko zaren buhu, ko igiyar leda, kare kan haɗiye su a juji tare da ragowar abinci. Wani lokaci a ga zaren yana lilo daga duburar karen, kashi na rataye a jikinsa. Kada a ja shi da ƙarfi. Idan ɗaya bakin zaren ya maƙale a ciki, ja na iya tattare hanji ya yanka shi kamar yadda zare ke yanka sabulu. A sa leda a hannu, a yanke abin da ya fito da almakashi kusa da jiki, a sa ido a ga ko saura zai fito da kashi na gaba. Idan amai ya biyo baya, ko karen ya ƙi abinci, sai asibiti. Masu kitso da wanzamai da masu aski za su taimaka idan suka riƙa binne gashin da suka share maimakon zuba shi a kwararo.

Wani abin da ake ɗauka gashi ne kuma ba shi ba ne. Ciyawa da zaren masara ko na mangwaro kan fito kamar gashi. Farar tsutsa mai kama da taliya, wadda tsawonta kan kai santimita 10 ko fiye, ita ce macijin ciki. Ta fi yawa a 'yan kwikwiyo, waɗanda kan kamu tun suna cikin uwa, su fito da ƙaton ciki da ramammen jiki. Ƙwanta na nuna a ƙasa cikin mako 2 zuwa 4, kuma idan yaro mai rarrafe ya kai ƙasar baki, tsutsar na iya kaiwa hanta ko ido. Wannan ya isa dalilin kwashe kashin kare daga tsakar gida kowace rana, tun kafin ƙwan ya nuna.

Lokacin da ba a jira

Karen da ke amai a kai a kai har ruwa ba ya zama a cikinsa, ko ya kwana biyu yana nishi ba abin da ke fita, ko cikinsa ya kumbura yana kuka idan an taɓa, mai yiwuwa hanjinsa ya toshe, kuma wannan aikin likita ne, wani lokaci sai da tiyata. Ɗura masa man ja ko man gyaɗa da ƙarfi na iya sa man ya bi ta huhu. Haka nan jini a kashi, ko baƙin kashi, ko gudawa mai wari da jini a ɗan kwikwiyon da ba a yi wa rigakafi ba, wadda kan kashe shi cikin kwanaki kaɗan. Za a iya duba abu biyu a gida idan karen mai natsuwa ne kuma ya san mai dubawa: dasashin lafiyayyen kare ja-ja ne mai danshi, ba fari ba, fatar wuya kuma idan aka ɗaga aka saki ta kan koma nan take, idan ta tsaya to ruwan jiki ya ƙare. Kada a ba kare farasitamol ko sauran magungunan ciwon jiki na mutane, domin suna lalata masa hanta da ƙoda da tumbi.

Akwai hali ɗaya da ba a taɓa karen ma sam. Mahaukacin kare ya kan ci abin da ba abinci ba: itace, duwatsu, tsumma, ƙasa, gashi, har ya ciji jikinsa. Idan cin irin waɗannan abubuwa ya zo tare da sauyin hali, wato kare mai faɗa ya yi laƙwas ko mai sanyi ya hau cizo, ko muryarsa ta sauya, ko yawu na dalala, ko muƙamuƙi ya saki, ko ƙafafun baya suka shanye, to a nisance shi, a kulle shi idan zai yiwu ba tare da kusantarsa ba, a sanar da hukuma. Mutane da dama sun kamu ne wajen sa hannu a bakin kare da zaton ƙashi ne ya maƙale masa. Cutar ba ta bin kashi, yawu take bi ta cizo ko yaƙushi ko lasar rauni. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, ya tafi asibiti a ranar domin allurar rigakafi, kada ya tsaya jiran alama, domin idan alama ta bayyana ba a warkewa. Idan karen da ya yi cizon yana da kamar lafiya, a ɗaure shi a sa masa ido kwana 10, amma ba a jinkirta zuwa asibiti saboda wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana gwajin ƙwaƙwalwar karen da ake zargi, don haka idan an kashe shi kada a farfasa kan, kada kuma a feɗe shi. Ma'aikatan dabbobi ne za su ɗauka.

Kai samfuri da ba da magani

Wanda ke son a duba masa kashin karensa ya ɗebo sabo na ranar, kimanin cokali ɗaya, da tsinke ko leda, ya sa a ƙaramin mazubi mai murfi wanda ba za a sake amfani da shi ba, ya ajiye a inuwa, ya kai kafin yini ya cika. Zai taimaka idan ya faɗa wa malami abin da karen ke ci, ko yana farauta, ko yana zuwa mayanka, da ranar da aka fara ganin gashin. Da madubin likita ake ganin ƙwan tsutsa. Sai dai ƙwan ekinokokus da na sauran manyan tsila kamarsu ɗaya a madubi, kuma ba kullum suke fita ba, don haka karen da ke cin ɗanyen kayan ciki a kan yi masa magani ko da ba a ga komai ba. Al'amarin da ya gagari asibitin ƙaramar hukuma a kan tura shi asibitin dabbobi na jiha, ko asibitocin koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri.

Ba kowane maganin tsutsa ne ke kashe tsila ba, kuma a nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗinsu. Aibamektin ba ya kashe ta. Ƙwayar albendazol ta shanu da tumaki ma ba ita ce maganinta a kare ba, tana kuma iya yi masa illa. Maganin da aka tabbatar shi ne firazikwantel, miligiram 5 ga kowane kilo na nauyin kare, kuma ga karnukan kiwo da na farauta ana so a ba su aƙalla sau 4 a shekara. Maganin yana kashe tsutsar amma ba ya kashe ƙwanta, saboda haka a ɗaure karen kwana biyu bayan an ba shi, a kwashe duk abin da ya kasayar a ƙone ko a binne da zurfi nesa da rijiya da lambu. 'Yan kwikwiyo a kan fara ba su maganin macijin ciki tun suna mako 2, a maimaita duk bayan mako 2 har su kai wata biyu zuwa uku, tare da uwarsu. Allurar rigakafin hauka kuwa daga wata 3 ake fara ta, a sabunta kowace shekara, a kuma adana takardar shaida.

Ga shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da hakimai da dagatai da ma'aikatan duba-gari, aikin da ya fi tasiri a mayanka yake. Kwatar da ba ta da katanga ko shinge, ba ta kuma da rami mai zurfi da murfi domin zuba hanta da huhun da aka ƙi, ita ce ke ciyar da karnukan gari da cuta kowace ranar kasuwa. Sarkin fawa da mahauta su ne suka fi kowa iya hana jefa wa kare ƙullutu, idan an yi musu bayanin abin da ke cikinsa. Haka nan a riƙa tunatar da magidanta gab da layya cewa duk hantar da aka ga ƙullutu a cikinta a binne ta ko a ƙone, kayan cikin da za a ba kare kuma a tafasa su sosai tukuna. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allurar hauka, cutar kan daina yaɗuwa a yankin, kuma ana ware ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara domin yaƙi da ita a duniya. Ranar da aka tara karnukan gunduma domin wannan allura ita ce mafi sauƙin ba su maganin tsila a zama ɗaya, kuma sarkin dawa da shugabannin mafarauta da ardo-ardo su ne suka san gidajen da karnukan suke, don haka da su za a tsara ranar da wurin taron.